Ƙafar Hagun da Na Ara wa Habu

A bakin kogi, can Gaya, na fara zargin mutane, kuma ban daina ba har muka ga teku. Mai jirgin da zai haye da mu zuwa ƙasar Benin ya miƙo hannu zai karɓi jakar Habu, ya ajiye ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Na fizge ta na rungume. Ya faɗi wani abu da Zabarmanci, fasinja suka yi dariya.

"Kawu, taimako fa za shi yi," in ji Habu.

"Kai dai riƙe takalmanka. Ba ka san duniya ba."

Sunana Lawali. Ina da ɗan shago kusa da kasuwar dabbobi ta Dakoro, ina cajin salula, ina tura wa makiyaya wa'azi da waƙoƙi a kati. Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai wuce aji shida ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Habu ɗan yayata Hajara ne, shekararsa ashirin lokacin, kuma ni na ɗauko shi zan kai shi Lome gwajin ƙwallo. Gara in faɗi yadda aka yi aka kira shi tun yanzu, don abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan.

Shekara uku ina ɗaukar wasan ƙungiyar unguwarmu da salula. Kan katangar lakwal nake hawa, kuma daga can fuska ba ta fita, sai riga da lamba. Rigunan ƙungiyar goma sha ɗaya ne cif. Wanda aka fitar sai ya tuɓe ya miƙa wa mai shiga, da guminta da komai. Lamba bakwai mutum biyu ke sa ta: Habu, da wani ɗan Buzaye mai suna Agali. Agali da rani kaɗai muke ganinsa, in mutanensu sun sauka kusa da gari. Ruwa na faɗuwa sai su yi arewa da raƙuma. Tsawonsu ɗaya da Habu, siranta ɗaya. Habu da dama yake wasa, ba ya gajiya, amma ba kasafai yake ci ba. Agali bahago ne. In ya ɗora hagunsa kan ƙwallo, har masu sayar da ruwa tsayawa suke.

Wani direba da ke kai raguna kudu ya ba ni lambar wani Komla, manajan ƴan wasa a Lome. Na haɗa bidiyon Habu na gaskiya na aika. Ya amsa da cewa yaron ba laifi, amma irinsa sun yi yawa. Na kwana biyu abin na cina. Sai na zauna a shago na yanko ƙwallaye shida da Agali ya ci cikin lamba bakwai, na cusa su tsakanin na Habu, na sa kiɗa, na sake aikawa. Kafin la'asar Komla ya kira: mai ƙafa biyu ne ashe, a kawo shi. Habu bidiyon farko kawai ya gani. Yaya Hajara ba ta ga ko ɗaya ba, ta dai kai tunkiyarta kasuwa ta sa mana albarka.

Na gaya wa kaina cewa ƙofa kawai na buɗe masa. In ya shiga suka gan shi da ido, ai za su so shi. Da wannan maganar na rufe bakin zuciyata daga Dakoro har Gaya.

Daga Malanbil muka shiga motar Paraku. Tun ba mu yi nisa ba ƙasa ta canza, ko'ina kore, itatuwa kamar an zuba. Habu ya manne da taga.

"Kawu, dubi ciyawa! Kuma ba ko akuya guda. Da makiyayanmu na ƙauyen Korahane sun ga wagga, da ba su koma gida ba."

Wata dattijuwa ce kusa da mu, da kwandon doya tsakanin ƙafafu. Ta ga ba mu ci komai ba tun safe, ta ɓare dafaffiyar doya ta miƙo mana da ɗan yaji a leda. Habu ya miƙa hannu, na taka masa ƙafa. Na sha jin labarin waɗanda aka ba abinci a mota suka farka ba ko takalmi. Matar ta ga abin da na yi. Ta gutsura ta ci a gabanmu, ta sake miƙowa. Habu ya karɓa ya yi mata godiya da Faransanci. Ni na ce cikina ya cika, alhali kukansa har direba yana ji.

Wanda ya cuce mu a Paraku kuwa Bahaushe ne. Da carbi a hannu ya tare mu, ya ce shi ma mutumin Maraɗi ne, har ya tambayi lafiyar wani Alhaji da na sani. Shi na yarda da shi. Ya yanka mana takardar motar da ya ce kai tsaye Lome take zuwa. Motar ta sauke mu a bakin Kwatano, direba ya dubi takardar ya ce shi bai san ta ba, nan aikinsa ya ƙare. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a rumfar wani mai faci har ya ɗauke, sannan muka bi mutane da ƙafa zuwa tashar motocin Lome.  Habu ya cire rigarsa ya naɗe takalman ƙwallonsa da ita don kada su jiƙe, ya tafi da singileti.

A Zangon Lome direban ragunan nan da ya ba ni lambar Komla ya haɗa mu da Malam Garba, wani mahauci ɗan Madawa da ya shekara ashirin a can. Ya ba mu ɗaki bayan rumfarsa, ya sa matarsa ta dama mana fura. Ba ta kai ta gida ba, nonon gwangwani ne, amma da na kurɓa sai da na tuna inuwar shagona da rana tsaka, da ƙarar amalanke ranar kasuwa, har na kasa gama kwanon. Duk da haka ban saki jiki ba. Takardunmu a ƙuguna suke ɗaure ko wanka zan shiga. Ina ta tunanin me Malam Garba zai ci da mu, tunda ba a banza mutum ke ba baƙo ɗaki ba.

"Malam, Komlan nan ka san shi?" na tambaye shi yana fiɗa.

"Na san shi. Ba waliyyi ba ne. Amma ban taɓa jin ya sai da ɗan kowa ba."

"To mi shi ka ci da yaran?"

Ya ɗago ya dube ni, wuƙa a hannu. "Kai mi kake ci da naka?"

Na yi dariya kamar wasa ya yi.

Washegari Komla ya zo da mota. Gajere ne, da agogo babba da salula biyu. Faransancinsa gudu yake, nawa ba ya kama shi, sai Habu ya zama tafinta, don shi ya yi kwaleji shekara uku. A nan na fara jin ƙasa na zame mini. Komla ya rungume Habu, ya durƙusa ya shafa ƙafarsa ta hagu, yana ta zuba.

"Mi ya ce?"

"Wai haguna zinariya ce. Wai bahago suke nema na gefen hagu, wuri guda ya rage." Habu ya rage murya. "Kawu, ba'a shi ka yi mini? Ni da haguna ko kare ba ta kora."

"Daɗin baki ne irin nasu. Haka suke wa kowa kafin su cuce shi. Ka ce masa mun gode."

Filin yana bayan gari, ciyawa ce shar, jiƙe da ruwan safe. Yara kusan talatin ne daga ƙasashe daban-daban. Mai horar da su wani tsoho ne dogo da ake kira Papa Yawo, yana ɗingishi, da usur rataye a wuya wanda ban ji ya busa sau uku ba. Komla ya zaro salula zai nuna masa bidiyon, tsohon ya ture hannunsa ko kallo bai yi ba. Ya nuna idonsa da yatsa, ya nuna fili. Na ji sanyi a raina. Sai kuma zargi ya biyo baya: me ya sa ba zai kalla ba? Lalle yana da nasa yaron.

Ranar farko Habu ya sha kunya. A gida rairayi muke wasa a kai. In ka ba mutum ƙwallo sai ka buga da ƙarfi don yashi na cinye ta, in kuma ta taho maka sai ka je ka tarye ta don ba za ta iso ba. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ƙwallo zamewa take kamar kifi. Duk wadda Habu ya bayar sai ta wuce mutum ta fita waje. Duk wadda aka ba shi sai ya ruga tarya, ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa. Yaran suka sa masa suna Sahara. Tsohon na tsaye da hannu a baya, fuskarsa ba ta cewa komai.

Ina zaune kan benci kusa da shi. Da Habu ya zo shan ruwa na ce masa da Hausa, ban ko rage murya ba:

"Ka ga tsohon ga? Munafuki ne. Da gangan ya sa aka jiƙa hilin. Ɗan wani mai kuɗi za su cusa, mu an kawo mu cika lissahi."

"Kawu, ruwan sama ne aka yi."

"Kai dai ji abin da na ce."

Rana ta biyu Habu ya fara gane filin. Ya rage ƙarfin bugu, ya koyi jiran ƙwallo. Sai na lura tsohon ba ƙwallo yake bi da ido ba. Ƙwallo na can gabas, shi yana kallon yamma, inda Habu ke gudu shi kaɗai yana toshe wata hanya. Ni na ɗauka laifi yake nema masa. Da yamma na ja Habu bayan rumfar Malam Garba na sa shi dukan bango da hagu har aka kira magariba.

"Wai mi ya haɗa kowa da haguna?" ya tambaya yana haki.

"Turawa ita suke so. Yi dai."

Ya yi. Bai taɓa yi mini musu ba tun yana ƙarami, kuma wannan na cikin abin da na ci amanarsa da shi.

Rana ta uku Komla ya gaji. Kwana biyu yana bakin fili yana jiran abin da ya gani a salula, bai gani ba. Ana hutun rabin lokaci ya shiga fili da takalmansa masu sheƙi, ya dasa ƙwallo a gefen da'ira, ya kira mai tsaron gida, ya nuna ƙafar Habu ta hagu. Yara suka taru. Bugun farko ya tafi sama kamar za a kakkaɓo mangwaro. Na biyu ya gangara a hankali, mai tsaron gida ya tare shi da tafin ƙafa yana hamma. A na uku Habu ya zame ya zauna a ruwa.

Komla ya fara ihu. Ya zaro salula, ya danna, ya tura ta gaban hancin Habu. Ina jin kiɗan da na sa da hannuna yana tashi a tsakiyar fili. Na taso na nufe su. Ko da na isa, Habu na riƙe da salular da hannu biyu. Ya kalla har ƙarshe. Ya maido baya ya sake kallon wani wuri. Sannan ya ɗago, ba Komla ya duba ba, ni ya duba.

"Kawu, wanga ai Agali ne."

Da na ce wani abu a lokacin, ko da kalma ɗaya ce ta gaskiya, da yau ina da abin riƙewa. Abin da na ce shi ne: "Yi shiru, ba su jin Hausa."

"Ina ji," in ji wata murya a bayana.

Papa Yawo ne. Hausarsa irin ta Zango ce, amma babu abin da ya ɓace a cikinta. Ashe a Zango ya tashi. Ya karɓi salular, karo na farko, ya riƙe ta nesa da ido ya kalla sau ɗaya tak.

"Mutum biyu ne," ya ce. "Wannan yana juyawa ta kafaɗar hagu, yana gudu a kan yatsu. Wannan yana taka dunduniya. Ko makaho ya ji takunsu ya san ba ɗaya ba ne." Ya juya ya faɗa wa Komla da yarensu. Komla ya dafe kai, ya zagaya, ya dawo kaina da zagi. Habu bai fassara ba, ban kuma buƙaci fassara ba. Abin da na gane daga baya shi ne ya riga ya tura bidiyon ga wasu mutane a waje da sunansa, yanzu shi za a kira maƙaryaci. Ya ce kada ya sake ganin mu a filin. Mutumin da na yi kwanaki ina jiran ya cuce mu, ashe ni na cuce shi.

Tsohon ya kore yaran, ya zauna kan benci, ya nuna mini gefensa.

"Zauna kusa da munafuki," ya ce.

Na zauna. Habu na tsaye da wandonsa jiƙe.

"Kai ka ɗauki hoton?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara nawa?"

"Uku."

"Shekara uku kana bin ƙwallo da salula. Inda ta je, nan kake. To yaron nan aikinsa ba inda ƙwallo take yake ba. Jiya sau nawa ya tsaya a wurin da ƙwallo za ta zo kafin ta san za ta zo? Na ƙirga har na bari. Abokan wasansa suna hutawa a bayansa ba su sani ba. Wannan ba ya shiga salula. Kai da kake tsaye can, ya kamata ka gani."

"To Baba, tunda ka gani, a yi masa rai. Laihin nawa ne, shi bai san komi ba."

"Na san bai sani ba. Na ga fuskarsa." Ya shafa gwiwarsa mai ciwo. "Gaskiya biyu zan faɗa maka. Da hoton gaskiya ka tsaya a kai, Komla ba zai kira shi ba, ni kuma ba zan taɓa ganinsa ba. Wannan ɗaya. Ta biyu, filin nan ba nawa ba ne, wurin kuma na bahago ne. Kuma yanzu duk wanda ya ji sunansa a garin nan, hoton zai tuna. Ba ni da abin ba shi."

Habu ya yi magana karo na farko. "Baba, in ba a hilin ga ba, ina ake wasa?"

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce ran Lahadi da safe ƴan unguwa na buga ƙwallo a bakin teku, ba riga, ba manaja, ba kowa. Ya ce shi yakan bi ta wurin in zai sayi kifi. Bai ce zai tsaya ba. Ya tashi ya koma wurin yaransa.

A hanyar komawa Zango na yi ta magana. Na ce don shi na yi, na ce kowa haka yake yi, na ce ai ga shi tsohon da kansa ya yarda ba don ni ba da ba a gan shi ba. Habu na gaba ina biye. Sai da muka kai bakin rumfa ya tsaya.

"Kawu, tun daga gida ina ce wa kaina wani a duniya ya kalli wasana ya ce in zo. Da wannan tunanin na hau jirgi, da shi na sha dariyar yaran can. Ashe ba wanda ya kira ni. Kai ma da ka san ni tun ina rarrafe, da ka duba ba ka ga abin nunawa ba, sai da ka aro."

Ya shige ɗaki ya bar ni a bakin rumfa.

Malam Garba ya ji labarin daga bakina, don na gaji da ɓoyo. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce yana neman mai taya shi kai nama gidajen abinci da safe, in Habu na so ɗakin na nan. Na buɗe baki zan tambayi me zai ci da shi, sai na rufe. Habu ya ce zai zauna. Na ce ni ma sai in zauna in ga yadda za ta kasance. Ya ce a'a, shago na jirana. Yadda ya faɗa na gane ba shagon yake nufi ba. Na kwance takardunsa daga ƙuguna na ba shi.

Ya raka ni tasha da safe, ya ɗaukar mini jaka, ya samo mini wurin taga. Ladabinsa bai ragu da komai ba, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce zagina ya yi. Mota na shirin tashi na tuna Yaya Hajara za ta tare ni tun daga ƙofar gida. Bayan Habu akwai wani allon talla babba da hoton filin wasa a jiki. Na zaro salula.

"Tsaya nan in ɗauke ka, in nuna wa innarka ta ga kana lahiya. Matsa kaɗan, hilin ya hito."

Ya waiga ya ga allon. Ya sa tafin hannunsa ya rufe idon salular, a hankali, ya tura ta ƙasa.

"A'a, Kawu. Ka tahi ka gaya mata da bakinka. Abin da ka gani kaɗai."

Kwana uku na yi a hanya ina shirya yadda zan faɗa. Na same ta a tsakar gida tana sussukar gero. Ta ajiye taɓarya, ta leƙa bayana, ba ta ga kowa ba.

"Lawali, sun ɗauke shi?"

"Ba su ɗauke shi ba, Yaya," na ce. "Ba ni tabarma. Daga kaina zan fara."